Shekara Guda a Cikin Japanawa

Tun ran da muka komo gida Fakku ba mu zauna a wata majalisa ba face an tambaye mu labarin ƙasar Japan. Dattawa su kan tambaya ko akwai Musulmi a can, samari su kan tambayi kuɗin mota, amma 'yan makaranta tambayarsu guda ce, watau me mutanen can su ke ci. Da fari mun ɗauki tambayar yara wasa. Da muka zauna muka yi tunani sai muka ga ashe ita ce ta fi sauran nauyi, domin mafi yawan abin da muka koyo a ƙasar a bakin akushi muka koye shi. Saboda haka muka roƙi Edita ya ba mu fili mu amsa wa ƙannenmu na makaranta gaba ɗaya.

Mu biyu ne, dukanmu malaman gona, kuma tun muna yara tare muka yi makaranta. A farkon shekarar 2024 aka zaɓe mu mu tafi koyon noman shinkafa. Dalilin irin wannan tafiya shi ne, a 2008 an yi babban taro a birnin Yokohama tsakanin Japan da ƙasashen Afirka, aka ƙulla shawarar a ninka shinkafar da Afirka ke nomawa daga tan miliyan 14 zuwa tan miliyan 28 cikin shekara goma. Tun daga nan malaman gona na ƙasashen baƙar fata ba su daina zuwa can koyo ba.

Muka yi sallama da iyaye, muka bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato, muka shiga jirgin sama zuwa Abuja. Daga Abuja muka tashi sai Adis Ababa ta ƙasar Habasha, daga nan kuma muka yi ta keta sararin Allah har muka gaji da zama, kana muka sauka a Narita, filin jirgin da ke kusa da Tokiyo. Agogonsu ya riga namu da awa 8, watau sa'ad da mu ke karin kumallo a can, mutanen Fakku suna tsakiyar barci. Abin da ya fara girgiza mu shi ne alƙibla. Tun haihuwarmu gabas mu ke fuskanta in za mu yi salla, har ma kalmar gabas ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu. To, a Japan Makka tana yamma, an ɗan karkata arewa. Ran nan muka ba gabas baya muka yi salla, muka tabbata lalle mun yi nisa da gida.

Ƙasar tsibirai ce, manyansu huɗu. Girmanta bai kai rabin Nijeriya ba, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nata duwatsu ne, ga mutane kimanin miliyan 124. Saboda ƙarancin fili ba su barin ko taki ɗaya na ƙasa mai kyau ya zauna banza. Sai ka ga fadamar shinkafa ta zo har gindin bangon gida. An sauke mu a Tsukuba, garin makarantu da ɗakunan bincike a lardin Ibaraki, mil 36 daga Tokiyo. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2005 ya kan kai mutum cikin minti 45. In an ce jirgi zai tashi ƙarfe 8 da minti 3, to, kada ka zo da minti 4.

A cikin jirgin nan muka fara ɗanɗana kewa. Mutum ɗari a tarago ɗaya, amma tsit ka ke ji kamar an yi mutuwa. Ba mai gaida wani, ba mai tambayar lafiyar iyali, ba mai amsa waya. Mu da muka tashi inda in ka wuce mutum ba gaisuwa sai ya aika a tambaya ko ya yi maka laifi, sai muka ɗauka ƙin mu a ke yi don baƙin fatarmu. Sai daga baya muka fahimta, su a wurinsu ladabi shi ne kada ka dami na kusa da kai. Ran da ɗayanmu ya yar da jakar kuɗinsa a tasha, washegari ya same ta a ɗan ofishin 'yan sanda, ko yen ɗaya bai yi ciwon kai ba. Wanda ya tsinta kuwa bai tsaya a gode masa ba.

Bayan mun yi 'yan makonni a aji, aka haɗa mu da wani tsohon manomi a ƙauye kusa da dutsen Tsukuba, don mu riƙa zuwa gonarsa muna ganin aiki da ido. Shekarunsa sun haura 75, matarsa kuwa ba ta fi shi ƙuruciya da yawa ba. Muka sa masa suna Baba, ita kuma Inna, suka ji daɗin sunayen da aka fassara musu. Ranar farko muka tuɓe takalma a ƙofa, yadda a ke yi a kowane gida a can, muka zauna a kan tabarmarsu ta ciyawa, aka yi ta sunkuye-sunkuyen gaisuwa. Can sai Inna ta fito da wata babbar tukunya tana tururi, tana murmushi, ta ce tun da asuba ta ke aikinta saboda baƙi. Wani ɗalibi da ya rako mu don tafinta ya leƙa tukunyar, muka ga fuskarsa ta canza. Ya matso ya raɗa mana cewa romon naman alade ne.

Ya ku ƙannenmu, ba mu taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ran nan ba. Kun san a ƙasarmu wanda ya ƙi cin tuwon gidanka ya ƙi ka. Ga tsohuwa sa'ar kakarmu ta sha wahala dominmu, ga kuma abin da Allah ya hana mu. Muka dubi juna. Sa'an nan babbanmu ya gyara zama, ya durƙusa yadda mu ke durƙusa wa iyaye, ya ce wa tafinta, "Gaya wa Inna mun gode, Allah ya saka da alheri. Addininmu ne ya hana mu naman nan da giya, ba ƙyamar girkinta mu ke yi ba. In ta ba mu shinkafa da gishiri kaɗai, mun ci abincin gidanta." Ɗakin ya yi shiru har muna jin bugun agogon bango. Inna ta ɗauke tukunyarta ba ta ce uffan ba. Muka ce a ranmu shi ke nan, mun ɓata zumunci tun ba a ƙulla shi ba.

Jim kaɗan sai ga ta da farar shinkafa da gasasshen kifi da ganyen da aka jiƙa da gishiri, tana ta ba mu haƙuri, wai laifinta ne da ba ta tambaya ba. Da mako ya zagayo muka komo, muka tarar ta sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi ta ware su dominmu. Har wata giyar shinkafa mai zaƙi da su ke zubawa a miya, wadda su ke kira mirin, ta daina sa ta a namu. Ba ta taɓa ganin Musulmi ba kafin mu, amma da aka gaya mata sau ɗaya ba a sake maimaitawa ba. Gaskiyar Hausawa da su ke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma kada ku zaci su kaɗai suka yi kuskure ran nan. Mu ma mun yi namu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Da muka gama fama da tsinkayen nan biyu da su ke cin abinci da su, muka ajiye kwanoninmu da sauran shinkafa manne a gefe, yadda muka saba ragewa don kada a ce baƙo mayunwaci ne. Baba bai yi mana faɗa ba. Sai ya ɗauki nasa kwanon ya karkato mana shi, muka ga fes, ko ƙwaya ɗaya babu. Ya tsoma yatsa a ruwan shayi ya zana mana harafin da su ke rubuta shinkafa da shi a kan tebur, ya nuna mana yadda in an warware shi ya kan ba da lamba 88. Ya ce kakanninsu sun ce aiki 88 manomi ke yi kafin ƙwayar shinkafa ta iso baki. Kunya ta rufe mu, mu da muka zo da sunan malaman gona. Muka ɗauki kwanoni muka tsince su tas.

Suna da kalma, mottainai, wadda su ke faɗa in sun ga an wulaƙanta abin da ke da sauran amfani. Kafin su ci abinci su kan haɗa tafin hannu su faɗi wata kalma ta godiya ga abincin da wanda ya noma da wanda ya dafa. Dafaffiyar shinkafa gohan su ke ce mata, kuma da kalmar nan su ke kiran abinci kowane iri, kamar yadda mu kan ce a zo a ci tuwo ko da ba tuwo aka yi ba. Da muka ga haka sai muka tuna da iyayenmu mata a Fakku, waɗanda in hatsi ya zube a masussuka sai sun durƙusa sun tsince shi, su ce albarka ba a san ƙwayar da ta ke ciki ba. Ashe abin da muka keta duniya muka gani muna da shi a gida, mu ne muka fara sakinsa tun da muka shiga makaranta.

Da zama ya yi zama sai muka riƙa gamuwa da 'yan uwan abincinmu a kasuwarsu. Kuɓewa tana nan, okura su ke ce mata. Lalo yana nan, suna kiransa moroheiya, suna kuma yabon amfaninsa ga jiki. Riɗi ba ya rabuwa da girkinsu, alhali kusan dukansa daga waje su ke sayo shi, Nijeriya kuwa tana cikin manyan masu sayar musu. Da kaka ta yi muka ga itatuwa sun yi ja da wani ɗan itace mai suna kaki, muka ɗanɗana muka ji kamar mun san shi. Da muka bincika sai muka tarar dangin kanya ne, sai dai ya kai girman tumatir. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne natto, waken soya da a ke rufewa ya ruɓa har ya yi yauƙi da wari, wanda birnin Mito na lardin Ibaraki ya yi suna da shi. Baƙi da yawa da sun ji warinsa sai su toshe hanci. Aka kawo mana ana jiran a ga yadda za mu yi, muka sunsuna muka ce, ai wannan daddawa ce! Lalle kuwa irin ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ita ke ruɓar da shi. Muka cinye muka nemi ƙari, Baba ya yi ta dariya har da hawaye.

Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, irin da Baba ke shukawa sunansa Koshihikari, wanda aka fitar a 1956. Ba ta yin warwara, saboda haka ba ta dace da dafa-duka ba, amma ba mu taɓa ganin shinkafar da ta kai ta yin tuwo ba. Wata rana muka karɓi madafin Inna muka tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, muka sa natto a madadin daddawa. Tsofaffin nan suka ajiye tsinkayensu suka wanke hannu suka ci irin namu. Da sabuwar shekararsu ta zo suka rama mana: aka turara wata shinkafa mai danƙo ƙwarai, aka zuba a turmi, aka ba mu guduma ta itace muka yi ta kirɓawa har ta zama curi, shi ne mochi. Wanda ya ga ana kirɓa fura a Fakku ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Mun sami hutu mun yi yawo kaɗan. Mun shiga jirgin nan mai gudun tsiya, Shinkansen, wanda aka fara a 1964, ya kai mu Osaka daga Tokiyo, tafiyar mil 320, cikin awa biyu da rabi. Daga nan muka ƙarasa Kobe muka yi salla a masallacin da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga bama-baman yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995. A Tokiyo ma akwai babban masallaci, na farko an gina shi a 1938, aka sake gina shi a 2000 bisa fasalin masallatan Turkawa. Girgizar ƙasa kuwa mun ji ta ba sau ɗaya ba. Daren farko da gado ya motsa da mu muka fito waje da salati, muka tarar maƙwabta ko fitila ba su kunna ba. Abu ɗaya da muka ƙi shiga shi ne wankan maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda maza ke tuɓewa gaba ɗaya su shiga kwarmi guda. Muka ce wannan kam a yafe mana.

Ku 'yan makaranta, ga naku labarin. An kai mu makarantar firamare ta ƙauyen su Baba. Da lokacin abincin rana ya yi sai muka ga yara sun ɗaura fararen riguna sun ɗauko tukwane da kansu, suna raba wa 'yan uwansu, malami kuma ya zauna cikinsu ya ci abin da su ke ci. Da aka gama suka ɗauki tsintsiya da tsumma suka share aji suka goge daɓe. Al'adar ciyar da yara a makaranta ta faro ne a 1889 a garin Tsuruoka, inda aka riƙa ba 'ya'yan talakawa curin shinkafa da kifi, aka mai da ita doka a 1954. A watan Mayu kuma muka ga 'yan aji biyar sun tuɓe takalma sun shiga taɓo suna dashen shinkafa da hannu, ko da ya ke injin dashe yana nan a gefe. Sai dai abu ɗaya ya tsaya mana a rai: makarantar mai ɗakuna da yawa ce, yaran kuwa ba su cika rabinsu ba.

Wannan shi ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Gonar Baba abin sha'awa ce. An daidaita ta sumul, ruwa na shiga ta bututu ya fita ta magudana a ranar da a ke so, hekta guda tana ba da fiye da tan 5, alhali a ƙasarmu galibi wajen tan 2 a ke samu. Amma duk wanda muka gani a fadamar nan mai furfura ne. A 2000 waɗanda noma ne babbar sana'arsu a Japan sun kai miliyan 2 da dubu 400. A 2024 sun komo wajen miliyan 1 da dubu 100, matsakaicin shekarunsu kuwa kusan 69. Ƙidayar 2023 ta sami gidaje miliyan 9 da ba kowa a ciki. A layin su Baba mun ƙirga uku, ciyawa ta cinye ƙofofinsu. 'Ya'yansa biyu suna Tokiyo suna aikin ofis, sau biyu a shekara su ke leƙo gida.

Muna can, a watan Agusta na 2024, shinkafa ta ɓace daga kantuna. Zafin bazarar 2023 ya ɓata amfanin gona, ga shi kuma hukuma ta yi gargaɗin yiwuwar babbar girgizar ƙasa, mutane suka ruga saye suna ɓoyewa. Da idonmu muka ga kanta babu ko ƙunshi ɗaya, a ƙasar da ke ƙera motocin da suka cika titunan Sakkwato. Kafin watan Maris na 2025 ya ƙare, kilo 5 ya haura yen 4,000, kusan ninkin kuɗinsa na shekarar da ta gabata, har gwamnati ta buɗe rumbunta na ajiya, wanda ta kafa a 1995 bayan mummunar daminar 1993. Ran nan muka gane ƙarfe ba ya shiga tukunya.

Da muka je sallama, a ƙarshen watan azumi, itatuwan sakura sun fara fure, Inna ta jira faɗuwar rana kafin ta kawo abinci, don ta riga ta san lokacin buɗa baki. Bayan an ci, Baba ya tambaye mu ta bakin tafinta, "In kun koma, wa zai noma gonar mahaifinku?" Muka ce akwai ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa, gidanmu cike ya ke da yara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, ku ne masu arziki. Ni injina uku, amma ba wanda zan ba makullinsu." Ya ɗauko wani ɗan littafi da ya shekara 40 yana rubuta ranar shuka da ranar dashe da yawan abin da ya girba, ya buɗe mana shafi-shafi. Muka roƙe shi muka kwafi yadda ya tsara shi.

Amsar da muka ba shi ta yi ta damunmu a hanya, domin mun san ba dukan gaskiya muka faɗa ba. Yara suna nan a Fakku, alhamdu lillahi, amma nawa ne cikinsu ke son gona? Da an girbe gero samari sun kama hanyar Ikko da Ibadan cin rani, waɗansu ba su komowa ko da damina ta faɗi. Ga fitinar ɓarayin daji da ta hana gonaki da yawa nomuwa a ƙasashen Sakkwato da Zamfara. Wanda kuma ya yi aji shida sai ya ga fartanya ta yi masa ƙanƙanta, kamar yadda mu ma muka taɓa gani. Japanawa sun bar ƙauye bayan sun yi arziki, duk da haka ga abin da ya same su. Ina ga wanda ya bar gona tun bai ƙera ko allura ba?

Saboda haka, ya ku ƙannenmu, ba mu ce ku bar karatu ba, domin da karatu Baba ya san awon takinsa da ranar da zai buɗe ruwa. Ku yi lissafi da kimiyya da himma, sa'an nan in an ba da hutun damina ku bi iyayenku gona, ku riƙe ɗan littafi ku rubuta ranar da aka yi shuka da ranar da ruwa ya sauka da damin da aka ɗaure. In kun je baƙunci, ko Japan ko Jega, ku riƙe addininku da ladabi, ku kuma tambayi abin da masu gida ke jin nauyinsa tun ba ku taka shi ba. In an zuba muku abinci a makaranta ku ɗebi abin da za ku iya cinyewa.

Mu dai mun fara namu littafin a fadamar mahaifinmu, yaran gida huɗu ne ke riƙe da shi bi da bi. Mun aika wa Baba da Inna hoton shafin farko, tare da ƙullin daddawa ta kalwa don su gwada ta da natto su gaya mana wadda ta fi. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, ya sa mu ga amfanin karatunku, amin.